Motar Sallau da Danginta

Wani mutum ne a unguwarmu, Sallau, ya sayi wata tsohuwar mota ƙirar Koriya, daga ranar kuma majalisa ba ta sake hutawa ba. Ya haddace tarihin kamfanin kamar zai ja baƙi: wacce suka fara ƙerawa, wacce ta biyo ta, wace ce ta masu kuɗi, wace ce ta 'yan tasi. Don a ce sabuwa ce, sai ya sa aka naɗe kujerun da leda, har allon da ke gaban direba ya manne shi da farar takarda, wai haka suke fitowa daga kamfani.

Da bikin ƙanin abokinsa ya zo, Sallau ya rantse ba motar da za ta ɗauki amarya sai tasa. Aka kawo motoci masu lafiya, ya ce duk su bi bayansa. A ransa, yau 'yan majalisa za su san ya wuce sa'ansu.

Aka sa amarya a baya, gwaggonta Iya Ladi a gefenta. Sun hau titi ke nan bayan la'asar, motar ta yi tari sau biyu ta mutu. Sai da ya ɓare takardar nan ya ga ashe mai ya ƙare ƙaf. Motocin baya suka yi ta oda suna wuce shi, kowa ya ɗauka yanga yake yi. Leda ta ɗau zafi, amarya ta jiƙe da gumi, kwalliya ta fara zuba.

Iya Ladi ta tambaye shi ko lafiya. Sallau ya gyara hula, ya ce kada ta damu, motar gidan asali ce.

"Iya, kamfanin nan da keke ya fara. Daga keke sai babur, daga babur sai mai ƙafa uku, sai ta ɗaukar kaya, sannan aka haifi wannan. Kuma tana da ƙanne guda..."

Tsohuwa ta ɓamɓare zanenta daga jikin leda, ta dube shi sama da ƙasa.

"To ɗan nan, tunda ka san danginta kaf, aika a kira mana kakan nata, keken, ya zo ya kai yarinyar nan ɗakinta."