Rasuwar Kaka, Ƙoƙon Kan da Na Tono a Kufai

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har baki, ni Sama'ilu Sabo, daga nan yammacin Kunci, nake sanar da 'yan'uwa da abokan gardama rasuwar ƙoƙon kan nan da na tono bara, wanda na raɗa wa suna Kaka. Ya rasu ranar Alhamis da hantsi a madafar Inna Barira, bayan gajeruwar jinya ta wuta. A lissafina ya bar duniya yana da shekara miliyan biyu. A lissafin wasu, ɗari da hamsin.

Ina haƙar ƙasar yaɓe a kufan bayan gonarmu na same shi. Goshi a kwance, ramuka biyu a gurbin ido, ga nauyi. Na buɗe littafin kimiyyarmu na sakandare, na duba hoton mutanen farko. Sak.

Marigayin mai haƙuri ne. Bai taɓa ɗaga murya ba. In ka ƙwanƙwasa shi sai ya ce ƙwal, ya yi shiru. Wata goma sha ɗaya ina saka shi a tsohuwar jakar makarantata, in kai shi gindin tsamiya inda ake zama bayan la'asar. A can ya yi aikin da ba a taɓa yi ba a garin nan: ya zaunar da Malam Iliyasu da Bawa mai wa'azin coci a tabarma ɗaya, bakinsu ɗaya. Malam ya ce daga ƙasa aka halicci Adamu. Bawa ya ce haka yake a nasu littafin. Ni kuwa in ajiye Kaka a tsakiya, in ce to wannan fa? Tun daga nan ake kirana Jikan Biri. Ko a jikina. Ina da shaida a jaka.

Makon jiya na yi alkawari a gaban jama'a cewa Asabar ɗin nan zan kai shi birni masana su duba. In aka tabbatar ba kan mutum ba ne, ba zan ƙara buɗe baki a gindin tsamiya ba sai shekara ta zagayo. Malam ya sa kowa ya shaida.

Ga yadda jinyar ta kasance. Kowa ya san ƙasarmu, sai ka wuni kana noma ba ka ci karo da dutse ba. Ran Alhamis muna da gayya, ana tuwon mutum ashirin, sai ɗaya daga cikin duwatsun murhu uku ya dare. Ina gona. Inna ta leƙa ɗakina, ta ga Kaka a kan taga yana shan iska. Ta zura yatsu biyu a idanunsa ta ɗauka, ta kafa shi a gurbin dutsen. Ya riƙe tukunya har aka yi talge. Kalmarsa ta ƙarshe ita ce ƙas.

Tsohuwa Dokas, maƙwabciyarmu da ta zo taya tuƙi, ita ta duba gawar da na dawo daga gona. Jan yumɓu ne a ciki, da ƙaiƙayi, da sawun babban yatsa.

"Ɗan nan, ai ɗan murhu ne," in ji ta. "Na kakanninmu da suka zauna a kufan, tun ana cin kasuwa da wuri. Ramukan na ɗauka ne."

Inna ta ce, "Ni ma na ga ya zauna daidai."

Malam Iliyasu ya aiko da ta'aziyya. Ya ce shi tun farko ya faɗa, da ƙasa aka yi shi.

Marigayin ya bar jaka ɗaya mai tsinkakken hannu, da littafi ɗaya, da ni. Ya kuma bar dangi na haƙiƙa, ƙasusuwan mutanen farko da aka tono a Chadi da Habasha da Kenya. Suna nan lafiya ƙalau, ban janye ko harafi a kansu ba. Sai dai ba wanda ya san hanyar tsamiya a cikinsu.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da safe, daidai lokacin da ya kamata mu hau mota. Za a mayar da shi ramin da ya fito, ban da ɓari ɗaya da Inna ta ce ba za ta bayar ba sai an samo mata dutse.

Zaman makoki a gindin tsamiya ne, bayan la'asar, har shekara guda. Mai zuwa gaisuwa ya gaisa ya wuce. Kada ya jira amsa.