Ranar Da Aka Buɗe wa Sarki Ƙofa Ta Biyu

A dajin Maje, duk saƙon da dabba za ta aika wa 'yar'uwarta sai ya bi ta wani akwatin ƙarfe da ake kira siwic. Kowane gida yana da wayarsa da ƙofarsa a jikin akwatin. Shi kuwa ya haddace adireshin kowa, yana miƙa saƙo ga mai shi kaɗai. Haka aka zauna lafiya har ranar da Sarki Ɓauna ya gano cewa wannan akwati yana karɓar umarni.

Waziri Dila aka danƙa wa kalmar sirrin akwatin. Ya rarraba dajin a cikin akwati guda: masu ƙaho rukuninsu daban, masu fiffike daban, masu rami daban, babu mai jin wani sai ta hannun fada. Duk abin da ya fita daga ƙofar talaka ya sa a kwafa wa Kura, wai don tsaro. Ya kuma tsara layi: kirarin Sarki a gaba, sai gaisuwar fadawa, kukan talaka can a ƙarshe. Aka kira wannan gyara, har biki aka yi.

Da gobara ta tashi a gabas, Hasbiya ta hango ta, ta aika wa masu rami gargaɗi. Saƙon ya tsaya a layi bayan kirari. Kafin ya iso, Bushiya Tabawa ta rasa 'ya'yanta biyu. Baƙin ciki ya sa ta faɗi abin da ta faɗa a waya, Kura kuma ta ji. Aka kira majalisa: ko Tabawa ta tuba, ko a rufe ƙofarta a miƙa ta ga Kura.

Dila ya miƙe ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki. Saƙon bai ɓata ba, ya iso bisa ƙa'ida. Gobarar ce ba ta bi layi ba."

Fadawa suka ce gaskiya ne. Aka juyo ga Tabawa, ana jiran ta zube ƙasa.

"Ranka ya daɗe, ba zan tuba ba," in ji ta. "Na binne biyu, ban ga abin da ya rage a tsorata ni da shi ba. Ka raba mu, ka sa mana kunne, ka ajiye kukanmu a bayan kirarinka. Amma kowa ya sani, cikin wayoyi biyu da suka shiga fadarka, akwatin nan ya toshe ɗaya, kuma bai nemi izininka ba."

Gaskiya ta faɗa. Fada tana da nata ƙaramin akwati, wayoyi biyu suka haɗa shi da babban. Babban yakan rufe ɗaya ya ajiye ta don ko ta kwana, domin in duka biyun suna buɗe, sanarwa za ta fita ta nan ta dawo ta can, ta yi ta kewaya ba iyaka. Dila ya san haka sarai. Amma Sarki ya riga ya fusata, ya tambaya ko akwai ƙofar da ake rufe wa sarki a ƙasarsa, Dila kuwa bai kai matsayin waziri da cewa a'a ba. Ya buɗe ƙofa ta biyun.

Nan take Sarki ya sa a sanar da dukan daji hukuncin Tabawa. Sanarwar ta fita, ta dawo, ta ninku, ta sake fita. Fitilun akwatin suka shiga ƙiftawa kamar masu zazzaɓi. Babu saƙon da ya ƙara wucewa. Kura, da ake kwafa mata komai, kwafi ya binne ta a ofishinta, umarnin kamun bai taɓa isa gare ta ba. Dila ya nemi shiga akwatin ya gyara, akwatin bai ko saurare shi ba.

Tabawa ta kakkaɓe ƙayarta ta fita ta ƙofar gaba. Fadawa suka bi ta da ido, domin babu wanda aka umarta ya tare ta.

A waje, da wayoyi suka mutu, dabbobi sun fito suna tambayar juna abin da ya faru, masu rami da masu fiffike a inuwa ɗaya, ba Kura a tsakani. Hasbiya ta sauko ta yi wa Tabawa ta'aziyya baki da baki. Daga ta'aziyya aka shiga wata maganar, taron kuma sai ƙaruwa yake yi.

A cikin fada, Sarki yana ta ba da umarni, akwatin yana ta mayar masa da abinsa.