Taswira Ya Tafi Ƙetare

"Ni fa ko ido aka ɗaure min aka jefa ni tsakiyar ƙasashen ƙetare, da ƙamshi kawai zan gaya muku sunan unguwar."

Mijin yayata ke nan, wanda duk layinmu ake kira Taswira. Abokina, kada maganar ta ruɗe ka. Sana'arsa sayar da akwatunan tafiya, kuma iyakar sanina akwatunan ne ke tafiya, shi yana nan daram a kan bencinsa. Duk wanda ya zo sayen akwati sai ya tatse shi labari, washegari ka ji labarin ya zama nasa, har da ƙarin gishiri.

To, Yaya ta yi ritaya daga aikin jinya. Shekara da shekaru burinta guda ne: ta ga tsofaffin biranen nan da ake nunawa a talabijin, masu ganuwar dutse da lungunan da mota ba ta shiga. 'Yarsu ta ce a je wurin kamfanin shirya tafiye-tafiye.

"Kamfani?" in ji Taswira. "Ina raye? Ai su ma wurina suke zuwa neman shawara. Ku bar min komai."

Ya share teburin cin abinci, ya shimfiɗa taswirar duniya, ya danne gefunanta da kofuna, ya shiga awo da yatsa.

"Kun ga wannan birni da wancan? Faɗin yatsa biyu ne tsakaninsu. Mu karya a nan, mu tari tasi, azahar ta same mu a can."

'Yar ta leƙo. "Baba, wannan shuɗin da ke tsakaninsu fa?"

"Ado ne. Masu buga taswira akwai son kala."

"Teku ne, Baba."

"Na sani. Gwada ki nake yi."

Daga nan gogan ya koma kan sutura. Ya ce sanyin can yakan daskarar da magana tun tana cikin baki. Ya kwaso riguna masu kauri kamar katifa, ya ce jiki sai da horo. Da rana tsaka ya kashe fanka, ya zuba riga kan riga, ya ƙara hula da safar hannu, ya hakimce a falo yana ba mu lacca. Yana tsakiyar bayanin ƙanƙara muka ga ya sulale daga kan kujera kamar jiƙaƙƙen tsumma. Shi ne majiyyacin Yaya na farko bayan ritaya. Da ya farfaɗo, 'yar ta nuna masa a waya cewa a watan da za su je, mutanen can da mafici suke yawo.

"To yanayin ya canza tun zuwana na ƙarshe," ya ce, ruwa na ɗiga daga gemunsa.

Ranar zuwa ofishin biza tun a mota yake yi wa Yaya huɗuba. "Ke dai kada ki ruɗe. Ki kalle ni ki ga yadda manya ke yi."

Aka fara kiran Yaya. Jami'in ya tambaye ta abin da zai kai ta. Ta ce, "Ganuwa nake son gani, in dawo wurin jikokina." Aka karɓi fasfonta da murmushi.

Sai sarkin yawo ya matso, ya dafa kanta da gwiwar hannu kamar ya zo shagon abokinsa.

"Ka taɓa zuwa ƙasarmu?"

"Zuwa? Ai gida ne. Ni kaina na daina ƙirgawa."

Jami'in ya buɗe fasfo, ya juya shafi, ya sake juyawa. Fari fat kamar wankakken faranti.

"Babu hatimin shiga ko ɗaya a nan. Ta ina kake shiga?"

Abokina, a nan mai hankali zai yi dariya ya ce wasa yake. Taswira sai ya sunkuyo, ya rage murya, ya kashe ido ɗaya.

"Ranka ya daɗe, irinmu da muka san lunguna ai ba sai mun bi ta ƙofa ba."

Da bakin yatsu aka turo masa fasfonsa.

Ga kuma inda matsalar take. Tuni ya bi layi gida-gida yana sallama, ya yi wa kowa alƙawarin tsaraba, ya rufe shago. Ya ce gara a binne shi da a ji an hana shi biza. Saboda haka ranar tafiya ya ci ado, ya shiga motata yana ɗaga wa jama'a hannu. Muka sauke Yaya da 'yarta a filin jirgi, don kamfanin nan ya riga ya shirya musu komai. Shi kuwa na dawo da shi kwance a ƙasan kujerar baya, lulluɓe da bargo, na shigar da shi ta ƙofar baya, na danna kwaɗo ta waje.

"In sun dawo sai mu bayyana tare," ya ce. "Kai dai ka riƙa kawo abinci."

Ba a yi nisa ba maƙwabciyarsu mai ɗinki ta ga labule ya motsa, ta kuma ji atishawa a gidan da babu kowa. Na iso da kular abinci na tarar da layin kaf a ƙofar gida, kowa da sandarsa, makaniken layinmu na dukan kwaɗo da guduma.

"Don Allah ku dakata," na ce.

"Matsa can," in ji makanike. "Mutumin kirki yana can ƙetare, mu zuba ido ɓarawo ya kwashe masa gida?"

Aka duba ɗakuna, aka leƙa ƙarƙashin gado. Can a sito, bayan buhun gawayi da mataccen firji, aka hango ƙafa. Aka jawo ta, sai ga sauran mutumin ya biyo baya, daga shi sai singileti, yanar gizo-gizo a ka.

Taswira ya miƙe, ya karkaɗe jiki, ya gyara murya.

"Saukata ke nan. Na shigo ajiye kaya ne."

Mai ɗinki ta dubi karyayyen kwaɗon da ke hannun makanike. Ta dubi 'yar kwatar da ta ratsa tsakar gida, tsakanin ɗaki da sito. Sannan ta rusuna da ladabi.

"Sannu da hanya, maƙwabci. Ashe ƙetaren babu nisa. Kwata kawai ake ƙetarewa."