Ranar Da Atamfata Ta Tona Min Asiri

Ba zan taɓa mantawa da yinin bikin Hajjo ba, kuma ko na so in manta, matan Bunkure ba za su bar ni ba. Har yau in na sauka daga adaidaita a unguwarsu sai an samu wadda za ta leƙo ta ce, "A'a, Maman Sadik ce? Ya jikin yaron?" Ni kuwa in yi murmushin yaƙe in ce da sauƙi, alhali yaron nan ko mura ba ya cika yi.

Bari in faro muku daga tushe. A Kura nake aure, sana'ata turara shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba. Sai dai a lokacin ba ni da tukunyar kaina, ta maƙociyata nake haya. Ni zan sha hayaƙi, ni zan sha rana wajen shanya, amma in riba ta fito sai an yanki nata kamar tare muka yi wahalar. Abin nan ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Shi ne na shiga adashi, na ƙudura a raina cewa ranar da na kwasa, babbar tukunya zan saya, ko sisi ba zai bi wata hanya ba. Har dokoki na kafa wa kaina: ba awarar yamma, ba ɗaukar kaya bashi, sannan uwa uba, ba anko.

Maigidana manomin albasa ne, bakinsa kuma ya fi albasar yaji. Da ya ji dokar ƙarshen nan sai ya ajiye kofin shayinsa ya dube ni. "Ke ce za ki bar anko? To Allah ya nuna mana. Ranar ni ma sai in bar noma in koma tuƙin jirgin sama."

Haushi ya kama ni, amma gaskiya ya faɗa. Akwatina cike yake da atamfofin da sau ɗai-ɗai na sa su. Wallahi akwai wadda auren da aka yi ankonta har ya mutu, ni ban gama biyan bashinta ba. (Kar ku yi min dariya, na san akwai irina da yawa a cikinku.) To ya za ki yi? A wajenmu in aka fitar da anko ba ki shiga ba, kin zama maƙiyiyar amarya, ko kuma a ce gidanku abin ya ja baya. Ni kuma duk cikin biyun ba wanda zan iya haɗiyewa.

Na yi ta riƙe dokata lafiya lau, har makon da na kwashi adashi. Kuɗin suna ƙulle a ƙasan akwati, ina jiran ranar da maigidan zai samu sarari ya raka ni kasuwa. Kwatsam sai ga Anti Saude ta yi sallama. Yayar Hajjo ce, Hajjo kuwa ƙawata ce tun muna 'yan Islamiyya, kwano ɗaya muke ci. Anti Saude ta zauna, ta sha ruwa, ta zaro atamfa daga jaka ta baza min a cinya. Shuɗiya ce mai furanni ruwan ɗorawa, sai ɗaukar ido take. Da ta faɗi kuɗinta, ashe ya kusa rabin kuɗin tukunyata.

"Taki na fara kawowa," in ji ta. "Hajjo ta ce ko kowa bai sa ba, ke za ki sa."

Nan fa ya kamata in buɗe baki in ce, "Anti, wallahi ba ni da hali wannan karon." Kalma nawa ce? Amma ina! Sai na ji bakina yana cewa, "Kash, Anti, ai na riga na sa ɗan'uwan maigidan ya ɗauko min irinta a birni." Ta dube ni sama da ƙasa, ta naɗe kayanta, ta ce, "To madalla." Tana fita na zauna na rafka tagumi. Maigidana ba shi da wani ɗan'uwa a birni, in ban da wani kawunsa mai gyaran famfo.

Da yamma na aika aka kira min Iya Tabawa dillaliya. Na kwatanta mata atamfar, ta yi dariya ta ce, "Wannan ai akwai ƙanwarta." Washegari ta kawo. Jama'a, ba za ku bambance ba! Zane ɗaya, furanni ɗaya, kuɗin kuwa ko kwatan na Anti Saude bai kai ba. Har ta kai ƙofa ta juyo ta ce, "Amma 'yar nan, ki jiƙa ta da ruwan gishiri, ki ɗauraye ta sosai kafin ki kai wa tela. Na faɗa miki gaskiya saboda Allah."

Na ce to. A raina kuwa cewa na yi, in na wanke ai sheƙin zai tafi, kowa ya gane. A bushe na kai ta wajen tela. Ina dawowa ina yaba wa kaina: ga anko na yi, ga kuɗin tukunya na nan kusan cif. Har tausayin sauran matan nake ji da ba su da irin ƙwaƙwalwata.

Ranar yini ta faɗo a tsakiyar bazara, irin zafin nan da ko ƙadangare neman inuwa yake. Na ci kwalliya, na goya Sadik (lokacin bai fara tafiya ba), na yafa mayafi a kansa, muka cusu a adaidaita kamar buhunan albasa. Tun kafin mu wuce gonakin shinkafa gumi ya jiƙa min baya sharkaf. Sadik ya kwantar da kuncinsa a gadon bayana yana ta barcinsa.

Muka isa gidan biki, tsakar gida ya cika maƙil, duk inda kika duba shuɗi ne. Na shige cikinsu ina taku ɗai-ɗai. Anti Saude ta zo wucewa da kular abinci, ta kalli rigata ta ce, "Ɗinkin ya yi kyau." Na ce, "Ai telan nawa ba ya wasa." Kaina ya ƙara girma. Da mai kiɗa ya saki waƙa har fili na shiga na taka, goyo da komai, gumi yana ta zuba abinsa.

Can sai kakar Hajjo, wata tsohuwa mai son yara, ta yafito ni. "Zo nan, ja'ira, sauke min angon nawa ya sha iska, kin dafa shi a baya." Na durƙusa, ta yaye mayafin, ta kwance majanyi ta karɓe shi. Sai kawai na ji ta ƙwalla ƙara.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Yaron nan ya shiɗe! Ku zo, jama'a!"

Na juyo. Rabin fuskar ɗana shuɗi ne, leɓɓansa shuɗi, tafin hannunsa shuɗi, har harshensa, don ashe tun a hanya yake tsotsar wuyan rigata. Ni kaina a wannan lokacin ban tuna da wata atamfa ba. Na ɗora hannu a ka na fasa ihu, "Wayyo Allah ɗana!" Ihuna ya tashe shi, shi ma ya canyara kuka. Kiɗa ya tsaya cak. Wata ta ce a kawo ruwa, wata ta ce iska ce a kira malam, wata ta fara tofa masa addu'a. Mai kiɗa ya ɗauki abin magana ya sanar wa duk unguwa cewa ana neman mai mota da gaggawa, za a kai yaro asibiti.

Hajjo tana ɗaki ana shirin ɗaukar ta hoto. Da ta ji an ce ɗana ne, ko takalmi ba ta tsaya sawa ba. Ta fito da gudu cikin farin leshinta, wanda ya fi kowanne tsada a lefenta, ta fizgi Sadik ta manna a ƙirji, ta jawo ni da ɗaya hannun ta rungume tana cewa, "Ki yi shiru, ba abin da zai same shi, in sha Allahu." Ni kuma na ƙanƙame ta iya ƙarfina ina sharɓar kuka a kafaɗarta.

Anti Saude ce ta raba mu. Ba ta yi ihu ba. Ta tsoma bakin mayafinta a kofin ruwa, ta goga a kuncin yaron. Shuɗi ya fita, fata ta bayyana lafiya lau. Ta dubi mayafin, ta dubi wuyana, ta dubi leshin ƙanwarta, inda hoton hannuna ya fito raɗau, yatsu biyar, ga kuma wani babban tabo tun daga kafaɗa har ciki. Sannan ta kama gefen zanena ta murza, ta ɗaga yatsunta sama kowa ya gani.

"A sallami mai mota," ta ce. "Yaro lafiyarsa ƙalau. Atamfar uwarsa ce ba ta da lafiya. Maman Sadik, wannan ce ta ɗan'uwan maigidan ta birni?"

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige, in ja ta in rufe. Sai kakar nan ta fara ƙyalƙyala dariya har tana riƙe ciki, daga nan gida ya ɗauka. Wasu har da zama a ƙasa. Ni kuwa ina tsaye, wuya shuɗi, hammata shuɗi, ga hawaye ya bi ta kan hoda. Na dubi Hajjo ina jiran ta tsine min. Ta kalli leshinta, idonta ya kawo ruwa, sai kuma dariya ta ƙwace mata. "Amma ke dai an yi 'yar banza," ta ce. "Don Allah me ya hana ki faɗa min ba ki da shi? Ni ke nake so ki zo, ba zane ba."

Wannan maganar ta fi dariyar duka yi min ciwo.

Da na koma gida labari ya riga ni isa. Maigidan yana zaune a ƙofar ɗaki, ya dube mu ni da Sadik ya ce, "Sannunku da zuwa. Biki kuka je ko marina?" Na wuce na ɗebo ruwa. Sai da na ƙarar da sabulu guda a jikinmu kafin muka dawo kalarmu.

Leshin dai ba wankin da ba a yi masa ba, tabo ya ce yana nan daram. Hajjo ta rantse ba za ta karɓi komai ba, amma ni ma ina da kunya. Na buɗe ƙasan akwati na saya mata wani. Kuɗin tukunya suka tafi, har da ɗan ciko daga maigidan, wanda bai fasa tuna min ba. Na koma hayar tukunyar maƙociya, na sake zubin adashi daga farko, sai bayan girbin shinkafa na gaba sannan na kai ga tawa.

Ana nan sai aka sake kawo wani ankon, na bikin ɗiyar uwar adashinmu, muna zaune mu da yawa a tsakar gidan uwar adashin. Da aka zo kaina na daure na ce, "Allah ya sanya alheri. Zan zo biki, zan kawo gudummawa daidai ƙarfina, amma ba ni da halin anko." Na sunkuyar da kai ina jiran gori. Sai na ji wata a bayana ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Wallahi ni ma." Ta kusa da ita ta ce, "Ni ma dai." Ashe duk a matse muke, kowa tana jiran wata marar kunya ta fara faɗa. To ni kunyata ta riga ta ƙare a Bunkure, sai na zama mai fara musu. Abin da na koya ke nan: "ba ni da shi" kyauta ake faɗar ta, ni ce dai sai da na saye ta da kuɗin tukunya.