Kan Keke da Zauren Surukina

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata ba, a shekarar da ruwa ya ɗauke gero yana tsakiyar bunni. Matata ta haifi ɗanmu na fari, tana wankan jego a gidansu a Tozai, kuma rijiyar unguwarsu ta ƙafe ƙaf. Ni da bakina na ce kawo ruwan wankan aikina ne, kullum jarka biyu daga fanfon garin Isa.

Kekena ɗan gwanjo ne mai giya da kaurin taya, irin wanda ke cin yashi da kwazazzabo. Kwana takwas ina rataya masa jarkoki, ran na tara kansa ya tsage. Hankalina ya tashi, na garzaya wurin Ɗan'ige mai gyaran keke.

Ya zube mini kai uku. Ya ce, "Malam, da kahwaɗa aka awon kan keke. Miƙo hannuwa in gani."

To, rumfar cike take da 'yan kallo, ni kuwa (Allah Ya yafe mini) siriri ne kamar karan dawa. Sai na cika ƙirji da iska, na bubbuɗa hammata, na nuna mafi faɗin cikinsu.

"Wanga ya yi maka yawa. Bari in rage shi da zarto."

Na ce, "Bar shi, haka za ni hawa."

Washegari tun asuba na bi layi, sai hantsi na samu ruwa. Duk hanya hannuwana a shanye, kafaɗuna na zogi, jarkoki na tangal-tangal. Bakin jarka ɗaya ma da leda na ɗaure shi. Addu'ata ɗaya ce: kada in tarar da surukina a ƙofar gida.

Na tarar da shi, shi da dattawa huɗu a kan tabarma.

Kun san ba a ɗaga ido gaban suruki. Na sauka, na tuɓe takalmi, na rusuna na ce, "Baba, ina kwana?" Daga nan na tura keken zuwa zaure kaina a sunkuye, ina sauri in ɓace. Ban ga ƙofa ba, ƙasa kawai nake kallo.

Ƙwam! Kan keken ya cije a ƙofar, dama da hagu. Maimakon in ja baya, tsabar ruɗewa sai na ƙara dannawa. Jarka ɗaya ta faɗi ta fashe, ta biyu ledarta ta fice, ta bi sahu. Awakin unguwa suka rugo suna lasar laka, ni kuma ina durƙushe ina tare ruwa da hulata.

Surukina ya dubi lakar ya ce, "Wata biyu muna roƙon ruwa, ashe ga zaurena za shi sabka."

Dariyar dattawan ba ita ta fi yi mini ciwo ba. Abin da ya kashe mini jiki shi ne muryar surukata daga cikin gida tana cewa a sauke tukunyar dafa ruwa, yau babu wanka.

Da yamma na koma wurin Ɗan'ige. Yana ganina ya ɗauko zartonsa. Tun daga ranar, in zan sayi abu ba na tambayar kafaɗata. Igiya nake ɗauka in je in auno ƙofar surukina.