Rasuwar Philomena, Ƙararrawar Santa Ita

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Sista Dympna Halloran, mai zaman zuhudu ta cocin Katolika, ke sanar da rasuwar Philomena, ƙararrawar tsohuwar Jami'ar Santa Ita, wadda rai ya yi wa halinsa ranar Talata da tsakar rana, tana da shekara casa'in da ɗaya.

Tun zuwan marigayiya aka yi mata baftisma, bishop ya shafa mata mai, ya raɗa mata suna kamar kowace jaririya. Ba ta taɓa makara ba. Sau uku a rana takan ce "daum, daum, daum", ɗalibai su tsaya cak da littattafai a hannu. Ta raka waɗanda suka tafi yaƙi, ta yi kukan waɗanda ba su dawo ba. Gobarar dajin da ta cinye gonakin inabi ma ita ta fara faɗa wa gari.

Da sistocin da ke riƙe da jami'ar suka yi ƙaranci, aka miƙa ta ga gwamnatin jiha. Aka sauke gicciye, aka canja suna, ɗakin sujada ya koma wurin shan kofi. Sharaɗi ɗaya ya rage a takardar yarjejeniya: muddin ƙararrawa na bugawa, sista ɗaya za ta zauna a ɗakin gindin hasumiya tana jan igiya.

Ciwon ajali ya faro ne da 'yar tsaga, shekara huɗu da suka wuce. Sista ta gani, ta ja bakinta ta yi shiru, ta riƙa jan igiyar a hankali kamar mai tayar da majinyaci. Ranar Talata marigayiya ta ce "kwaf", ba ta ƙara ba. Mista Tranter, mai kula da gine-gine, ya hau ya duba, ya sauko yana kakkaɓe hannu.

"Sista, ai wannan ta daɗe da tafiya. Ke ce kika hana ta kwanciya."

Ta ce, "To." Har yau ba ta yi kuka ba. Ta nemi kukan, bai zo ba.

Marigayiya ta bar igiya ɗaya, da tattabarun da ba a san adadinsu ba, da ɗalibai dubu tara masu zaton daga na'ura sautin yake fitowa, da Sista Dympna mai shekara tamanin da huɗu, wadda har yanzu in sha biyu ta yi takan miƙe, ta tsaya, ta koma ta zauna.

Za a sauke gawar ranar Juma'a da ƙarfe goma na safe. Motar da za ta kai ta ma'ajiya ita za ta ajiye Sista da akwatinta a gidan tsofaffi, tunda hanyar ɗaya ce. Ba a buƙatar furanni. Ba za a buga ƙararrawa ba, domin ita ce mai buga wa matattu.