Ragar Mamman da dirkar rumfa

Waɗanda ke gidanmu na Damagaram ran nan su ne ɗana Mamman, da ƙanwata Hadiza, da Malam Isufu mijin 'yata, wanda ko ido ba ma haɗawa saboda kunya. Shekarar da Faransawa ke shirin tafiya ce, Mamman ya dawo daga soja da wata raga da ake ratayawa a kwanta ciki.

Na ce sai na rataya ta na gwada. Hadari ya haɗo, iska ta fara tashi. Mamman ya ce, "Inna, a bari sai gobe."

Na ce, "Ni da na ɗaure raƙumin ubanka za ka koya wa igiya?"

Na ɗaura gefe guda a tsamiya, gudan a dirkar rumfa, na haye na miƙe kamar matar kumandan. Ƙullina bai kwance ba, wannan kam a shaide ni. Dirkar ce ta tuge. Iska ta kwashe zana, na zube ƙafafu sama, kallabi cikin ruwan awaki.

Malam Isufu ya juya fuska bango, ya ce cikin ladabi, "Sannu da hutawa, Inna."

Washegari da safe na sake kafa dirkar da hannuna, ina hararar kowa. Hadiza ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Yaya, sannu da hutawa." Har yau haka take gaishe ni, ko a gidan biki.